Hagu, gurguzu, kwaminisanci: wa ke nufin me?

Tambaya: Malam, a fadarmu ta hira da ke Sabon Gari, Damagaram, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani ya ce shi ɗan hagu ne, aka ce masa ashe kai kwaminis ne, ba ka yarda da Allah ba. Wani kuma ya ce ai PNDS ma gurguzu ce. A rediyo muna jin masu ra'ayin gurguzu, masu sassaucin ra'ayi, masu ra'ayin kawo sauyi. Shin duk abu ɗaya ne?

Amsa: Ƙanena, ba abu ɗaya ba ne. Abin da ke hana ku daidaitawa shi ne kowace daga cikin waɗannan kalmomi bakuna uku ke ja da ita. Akwai ma'anar da malaman littafi suka ba ta, akwai wadda jam'iyya ke ba ta ranar da take neman ƙuri'a, akwai kuma wadda abokin gaba ke ba ta idan yana son ɓata mutum. Ku a fada kowa ya ɗauki guda ya riƙe. Abin da nake koya wa ɗalibai shi ne su daina tsayawa kan sunan, su tambayi mai maganar: dukiyar nan wa kake so ya mallake ta, wa zai yanke hukunci a kanta, kuma ta wace hanya kake son a kai can? Amsar da ya bayar ita ke nuna gidan da ya fito.

Hagu da dama sun samo asali ne daga wurin zama. A 1789, lokacin juyin juya halin Faransa, wakilan majalisa masu son sarki ya ci gaba da riƙe ikon hana doka suka taru a hannun daman shugaban zaman, masu son a rage masa iko suka koma hagu. Daga nan sunan ya bi duniya. Amma abin da ake kira hagu yana tafiya da zamani da ƙasa. A Faransa ta ƙarni na 19, neman jamhuriya kaɗai ya isa a ce da mutum ɗan hagu; yau ƴan dama ma ƴan jamhuriya ne. A Amurka wanda ya ce hukuma ta ɗauki nauyin maganin kowa ana ganinsa can ƙuryar hagu, alhali a Faransa tsarin inshorar jama'a yana nan tun 1945, gwamnatocin dama sun zo sun wuce ba su rushe shi ba. Abin da bai canja ba shi ne yadda ake kallon fifiko tsakanin mutane. Ɗan hagu yana ganin tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi mutane ne suka gina ta, don haka mutane na iya rage ta. Ɗan dama ya fi ba da ƙarfi ga tsari, al'ada da kare dukiyar mai dukiya, yana tsoron kada gyara ya zama ɓarna. Babu batun imani da Allah a cikin wannan rabo, zan zo kansa.

Kafin gurguzu sai an fahimci abin da take yaƙa, wato jari-hujja, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Da yawa sun ɗauka jari-hujja ita ce kasuwanci. Damagaram ta yi fatauci da Kano da Tarabulus tun zamanin Sarki Tanimun, an yi attajirai irin su Malam Yaro kafin Bature ya kafa tuta, amma ɗalibin Karl Marx, masanin Jamus ɗin da ya shahara da sukar jari-hujja, ba zai kira wannan jari-hujja ba. A wurinsa jari-hujja tsari ne da kayan samar da arziki, wato masana'anta, injuna, ma'adinai, manyan motoci, manyan gonaki, suke hannun ƴan kaɗan, mafi yawan jama'a kuma ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu. Ɗauki tirela mai jigilar kaya tsakanin Damagaram da Agadas. Alhaji ne da mota, direba da yaron mota ke kwana a hanya. Idan aka cire kuɗin mai, gyara da albashi, abin da ya saura na Alhaji ne. Ɗan jari-hujja zai ce halak ɗinsa ne: shi ya zuba kuɗi, shi zai yi asara in mota ta faɗi. Marx zai ce wannan rarar gumin direba ne da ba a biya shi ba. Idan ɗan hagu mai karatu ya ce «ci da gumi», abin da yake nufi ke nan, ba wai Alhajin mugu ne ba. Ko da Alhaji ya fi kowa kirki, yana kai direbansa Makka, tsarin bai sake ba.

Daga nan maganar aji ta fito. A littafi, ajin mutum ba ya bin kaurin aljihunsa, yana bin matsayinsa ne game da mallaka. Injiniyan da ke karɓar albashi mai tsoka ma'aikaci ne. Mai injin niƙa guda da yara biyu ƙaramin mai jari ne, ko da injiniyan ya fi shi kuɗi nesa ba kusa ba. Ɗalibai kuwa duk wanda suka gani da mota mai sanyi sai su ce burjuwa, wato ɗan ajin masu jari, wanda wannan zagi ne kawai, ba bayani ba.

Matsalar ita ce Marx Ingila ta masana'antu yake kallo. A Nijar masu albashin wata ƴan kaɗan ne. Yawancin jama'a manoma ne masu ƴar gonarsu, makiyaya, masu sana'ar hannu da ƴan tireda. Manomin Magarya ko Matamaye ba wanda ya ɗauke shi aiki, amma an tatse shi ta haraji, ta farashin gyaɗa da wani ya yanke masa, ta bashin damina. Shi ya sa ƴan hagu na ƙasar Hausa ba su tsaya kan ma'aikaci da mai masana'anta ba, suka yi magana kan talakawa da sarakuna. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sanarwarta ta ce gwagwarmayar aji da ke Arewacin Najeriya tana tsakanin talakawa ne da masu riƙe da hukumar En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Ka lura, talaka a wannan ma'ana shi ne wanda ba shi da sarauta, ko da yana da shago uku. Wannan ya sa ƴan kasuwa, teloli, mahauta da direbobi suka cika NEPU. Haka ma jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a nan gida Nijar: ƙarfinta yana wurin ƙananan ma'aikata, direbobi, ƴan kamasho da masu sana'a na birane, Damagaram kuma tana cikin manyan cibiyoyinta. Ni a ganina wannan fassarar ta fi ta littafi dacewa da ƙasarmu ta wancan lokaci. Yau dai ta ɗan tsufa, domin wanda ke yanke farashin buhun hatsi ko litar mai ba ya zaune a fadar sarki.

Yanzu ga gurguzu. Hausa ta tattara gidaje uku ƙarƙashin kalma ɗaya, kuma mazauna gidajen nan sun yi gaba da juna fiye da yadda suka yi da ƴan dama.

Gida na farko su ne masu cewa a bar kasuwa da masu jari su yi aikinsu, amma a ɗora musu haraji mai nauyi, a ba ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi, a yi makaranta da likita da fansho don kowa. Su ake kira ƴan dimokuraɗiyyar jin daɗin jama'a, kuma Suwidin da Norwe ne ake buga misali da su. Jam'iyyar SPD ta Jamus ta fara ne da aƙidar Marx, amma a taronta na Bad Godesberg a 1959 ta ajiye burin ƙwace masana'antu. A misalinmu, waɗannan za su bar wa Alhaji motarsa, su tilasta masa albashi mafi ƙanƙanta, hutu da diyyar haɗari.

Gida na biyu sun ce wannan kwaskwarima ce. Manyan kayan arziki dole su koma hannun jama'a, ko ta hukuma ko ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa na ma'aikata, amma ta akwatin zaɓe, tare da ƴancin adawa. François Mitterrand ya gwada wani abu kusa da haka bayan ya ci zaɓen shugaban Faransa a 1981, ya mayar da bankuna da manyan kamfanoni hannun hukuma, zuwa 1983 kuma ya ja birki ya koma tsuke bakin aljihu. Salvador Allende ya gwada a Chile daga 1970, soja suka kifar da shi a 1973.

Gida na uku su ne ƴan kwaminis, kuma a nan ma'anar littafi da ta zahiri sun fi nisa da juna. A littafi, kwaminisanci shi ne zangon ƙarshe: ba aji, ba mallakar kayan samar da arziki, har hukumar kanta ta shuɗe. Ba ƙasar da ta taɓa cewa ta kai can. Tarayyar Sobiyet ma jamhuriyoyin gurguzu ta kira kanta. A zahiri kuwa, tun bayan juyin juya halin Rasha na 1917, ɗan kwaminis shi ne mai bin tafarkin Lenin, jagoran juyin: jam'iyya ɗaya mai tsananin biyayya ta karɓi mulki, ta riƙe tattalin arziki, ba adawa. Wannan ne ya raba ƴan gurguzun Faransa gida biyu a taron Tours na 1920. Tsarin ya gina masana'antu da makarantu cikin sauri, ya kuma jawo yunwa da kurkuku da suka ci miliyoyin rayuka a zamanin Stalin na Sobiyet da Mao na Sin. Ɗan hagun da ke ɓoye wannan bai da gaskiya, haka ma wanda ke ɗora wa malamin makaranta mai yajin aiki alhakin Stalin.

Kuma ba sai ka je nesa ba don ka ga yadda suna ke rabuwa da aiki. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a nan jiharmu ta Damagaram, kashi 60 cikin ɗari na kamfanin CNPC ne, kashi 40 na Nijar. CNPC mallakar hukumar Sin ne, hukumar Sin kuma Jam'iyyar Kwaminis ke riƙe da ita tun 1949. Amma kamfanin riba yake nema, albashi yake biya, lissafi yake yi irin na kowane kamfanin mai. Tun gyare-gyaren Deng Xiaoping na 1978 Sin ta buɗe wa kasuwa ƙofa, har ta tara hamshaƙan attajirai. Wasu malamai na kiran wannan jari-hujjar hukuma, Sinawa na cewa gurguzu ce mai siffar Sin. Kai dai ka duba wa ke da mallaka da wa ke yanke hukunci.

Wannan ya kawo mu ga wani ruɗani da ya yi yawa kwanan nan: ɗauka cewa duk abin da hukuma ta riƙe gurguzu ne. Gwamnatin Diori Hamani ce ta kafa SONARA mai sayen gyaɗa da COPRO-Niger mai shigo da kayan masarufi a farkon shekarun 1960, kuma gwamnatinsa ce ta haramta Sawaba a 1959. Janar de Gaulle, wanda ba wanda zai kira ɗan hagu, shi ya mayar da kamfanin Renault hannun hukuma a 1945. A Yunin 2025 hukumomin Nijar sun ayyana karɓe SOMAIR, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Wannan mataki ne na mallakar ƙasa, kuma ɗan hagu da ɗan kishin ƙasa na dama duk za su iya tafa masa. Abin da zai mayar da shi na hagu shi ne abin da ya biyo baya: ina ribar ta tafi, wa ke duba littafin kuɗi, shin ma'aikacin Arlit yana da bakin magana? SONARA ta hukuma ce, amma manomi bai taɓa zama wurin yanke farashin gyaɗarsa ba.

Batun PNDS-Tarayya kuwa, abokinka yana da gaskiya ta fuskar suna. An kafa ta a 1990, jagororinta da dama daga gwagwarmayar ɗalibai da ta ƙwadago suka fito, Bazoum Mohamed kansa malamin falsafa ne kuma jigon ƙungiyar malamai, jam'iyyar kuma ta shiga ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya. Amma a mulkinta daga 2011 zuwa 2023 ta yi aiki da Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da masu zuba jari kamar sauran gwamnatoci, don haka ko an matsa, gida na farko za a sa ta. Gaskiyar da kowa ya sani a Damagaram ita ce ƙuri'a a Nijar ta fi bin jiha, mutum da uban gida fiye da aƙida. CDS-Rahama da PNDS sun haɗu a ƙawancen AFC suka kai Mahamane Ousmane kujera a 1993. A 1994 PNDS ta fice ta haɗa kai da MNSD. A 1999 CDS ce ta mara wa Tandja baya. Wanda ya nemi hagu da dama cikin wannan zirga-zirga zai sha wahala.

Sassaucin ra'ayi kalma ce da kafafen labarai ke jefawa a wurare biyu masu karo da juna. A bakin Ba'amurke, mai sassaucin ra'ayi yana hagu. A bakin wanda ya yi lakwal ta Faransanci, liberal shi ne mai son kasuwa ta yi yadda ta ga dama, hukuma ta janye hannu, wato dama. Idan ɗan sandika, wato ɗan ƙungiyar ƙwadago, ya ce yana yaƙi da sabon liberalanci, manufofin zamanin Thatcher ta Birtaniya da Reagan na Amurka yake nufi, waɗanda suka iso mana ta shirin gyaran tattalin arziki na IMF da Bankin Duniya: rage ma'aikata, datse kuɗin ɗalibai, sayar da kamfanonin hukuma. Zanga-zangar ƙungiyar ɗalibai ta USN ta 9 ga Fabrairu 1990, inda aka kashe uku a gadar Kennedy ta Yamai, daga wannan ta taso, kuma ita ta share hanyar taron ƙasa na 1991. Sai karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sai sayar da kamfanin sadarwa na SONITEL a 2001. A 2005, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan kayan masarufi, ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ya rufe garuruwa har gwamnati ta ja da baya. Mafi yawan matan da suka rufe rumfunansu a lokacin ba su taɓa kiran kansu ƴan hagu ba, amma siyasar hagu tsantsa suka yi.

Ƙin mulkin mallaka ma haka yake. Tarihi ya haɗa shi da hagu: Sékou Touré da Djibo Bakary sun yi kiran a ce a'a ga de Gaulle a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama a tarayyar Faransa, Gine ta ce a'a, a Nijar kuwa gwamnan Faransa da yawancin sarakuna suka tsaya aka samu i. Kwame Nkrumah ne ya yaɗa kalmar sabon mulkin mallaka, yana nufin ƙasa mai tuta da taken ƙasa amma tattalin arzikinta daga waje ake juya shi. Sai dai ƙin Faransa kaɗai ba ya mayar da mutum ɗan hagu. Thomas Sankara na Burkina Faso, tsakanin 1983 da 1987, bai tsaya ga zagin Turawa ba: ya rage alfarmar ministoci, ya taɓa ikon sarakuna, ya yi rigakafin yara, ya ɗaga matsayin mata. Mutum na iya korar baƙo ya bar tsarin cikin gida yadda ya same shi, ya canja mai cin riba kawai.

To, addini fa? Wanda ya zargi abokinka ɗan hagu da rashin yarda da Allah bai ƙirƙiro maganar daga iska ba. Marx bai yi imani ba, Tarayyar Sobiyet ta rufe masallatai da majami'u masu yawa, Albaniya ta hana addini ɗungurungum a 1967. Wannan na gida na uku ne, kuma ko a can ba kowa ba. Malam Aminu Kano malami ne mai tafsiri, daga Alƙur'ani da tarihin jihadin Shehu Usmanu yake ciro hujjarsa kan zaluncin sarakuna. Julius Nyerere na Tanzaniya, mai gurguzun da ya kira Ujamaa da sanarwar Arusha ta 1967, Kirista ne mai riƙo da coci. Magoya bayan Sawaba a unguwannin Birni da Zango na Damagaram Musulmi ne masu sallah, duk da cewa jam'iyyar ta tura matasa horo Sin, Aljeriya da Gana kafin yunƙurinta na makami a 1964. Kiran su kwaminis kafirai makamin farfaganda ne. Sai dai ban yarda da masu cewa Musulunci shi ne gurguzu ba. Musulunci ya tabbatar da mallakar mutum, da ciniki, da gado. Abin da ya yi shi ne ya sa mata iyaka: zakka haƙƙi ce ba alfarma ba, riba haramun ce, ɓoye abinci don ya yi tsada abin zargi ne, hadisi kuma ya ce mutane suna tarayya a ruwa, ciyawar kiwo da wuta. A garin da ake bin layin famfo tun asuba a watan bazara, wannan hadisin ya isa Musulmi ya tsaya kan cewa ruwa ba haja ba ne ba tare da ya ari komai wurin Marx ba.

Saura masu ra'ayin kawo sauyi. Wannan laƙabi ne mai laushi, kusan kowa na iya sa shi, kuma ba ya faɗin wane irin sauyi ko da wane sauri. Rigimar gaske a cikin hagu tana tsakanin masu gyara sannu a hankali da masu juyin juya hali, kuma ko cikin masu bin zaɓe akan rabu kan yaya za a zauna da mai mulki. Kano ta ga wannan. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnonin Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi shekaru tana nema. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta tsage gida biyu kan dangantaka da gwamnatin Shagari da sauran jam'iyyun adawa: ɓangaren «santsi» na gwamnonin, ɓangaren «taɓo» na Malam Aminu. Kowane ɓangare na cewa shi ne na talakawa na ainihi, ɗayan ya sayar da aƙida. Majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a 1981, Rimi kuma ya bar PRP ya shiga zaɓen 1983 a ƙarƙashin NPP, ya faɗi a hannun Sabo Bakin Zuwo, ɗan takarar PRP.